Buntata a Bangon Mai Ƙasa

Mista Rigby ya iso mana ranar wata Talata a ƙarshen watan Agusta, ya jiƙe sharkaf, akwatin fenti a hammata, wasiƙar Mai Ƙasa a aljihu. Mijina Tormod ne ya karanta wasiƙar a tsaye a bakin ƙofa, don shi ne mai kula da bareyin Mai Ƙasar, Lod Ardmorran, a kwarinmu, kuma duk baƙon da aka turo daga gidan farauta a wurinmu yake sauka. Ni kuwa takalman baƙon nake kallo. Na ce a raina ba za su wuce kwana uku a taɓonmu ba. Biyu suka yi.

Mai Ƙasa zane yake so, babba, wanda zai cika bango guda. Yana son kwarin nan yadda Allah ya bar shi ranar da ya gama halitta: ba gida, ba hayaƙi, ba tunkiya, ba sawun ɗan Adam. Duwatsu da ruwa da hadari, sai namijin barewa guda ɗaya a tsaye a kan dutse yana kallon duniya.

"To mu fa?" na ce. "Ina za mu ɓuya kafin ya gama?"

"Ishbel," in ji Tormod. Iyakar abin da ya ce ke nan. Mijina dattijon coci ne, maganarsa a yini ba ta cika cokali ba, kuma tun da na san shi ban taɓa jin ƙarya ta fito daga bakinsa ba, ko irin 'yar ƙaramar nan da ake yi wa mace a kan sabuwar hula. Na taɓa gwada shi sau ɗaya. Ya ce hular ta sa na yi kama da kaza mai kwanci.

Mista Rigby mutumin kirki ne, sai dai ɗan birni ne na ƙarshe. Washegari ya kafa katakonsa mai ƙafa uku a kan tudu, ya dubi kwari, sai ga shi ya gangaro yana haki.

"Uwargida, don Allah shanyar nan, ko za a ɗan kwashe ta? Wandon maigidan yana tsakiyar zanena."

"Ba kai ke riƙe da buroshi ba? Ka tsallake wandon mana."

"Da hayaƙin murhun kuma."

"In na kashe wuta, ɗanyen dankali za ka ci da rana."

Ya ɗan yi tunani, ya ce hayaƙin ba laifi, zai mayar da shi hazo.

Haka ya yi ta mayarwa. Gidanmu ya zama dutse, saniyata ta zama inuwa. Kufan gidaje bakwai na bakin rafi, inda aka haifi uwata kafin a tashe su a bar wa bareyi wurin, ya shafa musu kore suka zama ciyawa. Wannan kam ya sosa mini rai. Ƙananan ƙwarin nan namu masu cizo ne suka rama mini, don sun samu sabon nama sun ci har sun gode Allah. Wasunsu sun maƙale a ɗanyen fenti, suna nan har yau a gajimaren gefen dama, an kewaye su da katako mai ruwan zinariya.

Duwatsu ba sa gudu, don haka ba su ba shi wahala ba. Barewa ce ta gagara. Sati uku Tormod yana jan sa da rub da ciki cikin taɓo, su kewayo ta inda iska ba za ta kai warinsu ba, sai an zo gab da gani Mista Rigby ya yi atishawa, ko akwatinsa ya ce ƙwas. Na duba littafinsa wata rana, na ƙirga ɗuwawun bareyi goma sha tara, kowanne a guje.

Ana haka wata safiya ya zaga bayan gida, ya tarar da Buntata ya cusa kai a tukunyar dankalin kaji.

Shekara bakwai kafin nan Tormod ya sauko da shi a wuya, yana ɗan barewa mai kwana biyu, uwarsa ta faɗa rami ta karye. Allah bai ba mu haihuwa ba. Na shayar da shi madarar saniya ta bakin buta, ya yi sanyin farko a gefen murhuna, karenmu ya yage masa kunnen hagu a faɗan wurin kwanciya. Muka sa masa Buntata, wato dankali a harshenmu, don ba abin da zai iya sayar da ransa a kai sai shi. Da ya girma ya koma tudu wurin 'yan'uwansa, amma duk inda yake, in na buga gindin tukunya da cokali sai ya sauko. Ina son dabban nan, ba na jin kunyar faɗa. A doka kuwa duk barewar da ke kwarin ta Mai Ƙasa ce, ba wanda ya ba ni iznin mayar da ɗaya ɗa. Abin da ya rufa mana asiri shi ne Mai Ƙasa sati shida yake yi a shekara, kuma a ƙetaren tudu ya fi farauta.

Mista Rigby ya kusa durƙusa mini. "Kwana biyar kawai, Uwargida. Ya tsaya mini a kan dutsen can na bakin gangaren ruwa."

"Ba na son wannan," in ji Tormod.

Ni ce na ce to. Laifina ne, ba na kowa ba. Na so a ga ɗana a bangon manya.

Safiya biyar na yi a tsugune bayan dutsen nan, gwiwa cikin ruwa, na soke dafaffen dankali a kan doguwar sanda ina ɗagawa. Buntata yana sama, ya miƙe wuya, ya buɗe hanci, iska tana kaɗa gashin ƙirjinsa.

"Ɗaga sama kaɗan, Uwargida! Yauwa! Kai, dubi izza! Dubi sarauta!"

"Wace izza? Kwaɗayi ne. Yi sauri, hannuna ya sage."

Da sanyi ya fara shigowa ya naɗe kayansa ya koma Landan, ya ce can zai ƙarasa a ɗakinsa. Haka suke aikin: su ɗauki kamanni a daji, su je su gyara wa Allah aikinsa a gaban murhu.

Bayan shekara Satumba ta zagayo, Mai Ƙasa ya iso da baƙinsa da karnukansa da zanen a cikin keken doki na musamman. Bayan kwana biyu aka aiko kiran Tormod. Ya dawo da rana, na ajiye masa abinci, ya zauna yana kallon kwano.

"Yana son kan," ya ce.

"Kan wa?"

"Na zanen. Har ya sa an buga ƙusar rataye shi a ƙarƙashin zanen. Ranar Alhamis za mu hau."

Na dafa tebur. "Ka ce masa ba ka san inda yake ba mana!"

"Ya tambaye ni ko na san shi. Na ce na sani."

"Kai wane irin mutum ne? A wuyanka ka kawo shi gidan nan!"

Ya ture kwanon. Ya tashi ya fita, bai taɓa abincin ba.

Washegari tun da asuba na cika aljihu da dankali, na ja Buntata muka haye mashigar tudu zuwa kwarin maƙwabta, inda ƙasar wani ce. Tafiyar rabin yini ce ga mai ƙafa lafiya. Can na zubar masa da sauran dankalin, na ɗebi duwatsu na jefe shi, ina zaginsa ina kuka. Ya ja da baya yana kallona kamar na zauce. Na juyo gida ban waiwaya ba, ƙafafuna duk sun yi bororo. Da na iso, yana bakin ƙofa yana jirana, ya ma cinye mini kabeji biyu.

Ranar Laraba na kai man shanu gidan farauta. Peigi mai dafa musu abinci ƙawata ce tun muna 'yan mata, ta leƙa ta ga manyan sun fita, ta ja ni zaure.

Ban yi zaton zai taɓa ni ba, amma ya taɓa ni. Tudunmu ya ninka tsawo, gangaren ruwan ya zama wani abin tsoro, hadari ya haɗo baƙi ƙirin, rana ta tsaga ta sauko a kan dutse ɗaya. A kan dutsen kuwa ga ɗana, da yagaggen kunnensa, yana kallon can sama inda ni kaɗai na san abin da ke wurin. Na share ido. Sannan na yi abin da duk ɗan kwarinmu yake yi in ya ga namijin barewa, tun kafin ya gaida na kusa da shi: na ƙirga rassan ƙaho.

Na sake ƙirgawa. Peigi ma ta ƙirga da ludayi.

"Goma sha shida," ta ce.

Bara Buntata goma yake da su, bana da ya zubar da ƙaho ya sake sabo, kamar yadda suke yi duk shekara, ya fito da sha ɗaya. Mai sha biyu shi ake kira na sarauta, mutum ya harbi ɗaya ya yi ta ba jikoki labari. Sha shida kuwa ko kakan Tormod bai taɓa gani ba.

Ina juyowa sai ga Mista Rigby, ashe yana cikin baƙin. Ya ga fuskata ya sha jinin jikinsa.

"Mista Rigby, shidan nan daga ina?"

"Uwargida, a hankali." Ya waiga. "Na ƙara wa tudun tsawo, sai ƙahon ya yi mini ƙanƙanta. Na ƙara biyu. Sai gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya. Kin san yadda abin yake."

"Ban sani ba. Ni in na ƙara wa man shanuna dutse, ɓarauniya za a ce."

"Ban san zai nemi kansa ba, na rantse. Amma don Allah kar ki faɗa. Ya gaya wa duk Landan cewa a ƙasarsa dabban yake."

Da gudu na koma gida, na manta da ciwon ƙafa. "Maigida, mun tsira! Na zanen sha shida ne, namu sha ɗaya. Ka ce masa ba shi ba ne!"

"Shi ne, Ishbel."

"Na san shi ne! Ka ce ba shi ba ne!"

"In ya tambaye ni, gaskiya zan faɗa masa."

Ban jefe shi da tukunya ba don guda ɗaya ce mai kyau gare ni.

Ranar Alhamis na sallami mai jan ƙuru, ƙaramin dokin da ake ɗoro wa naman farauta, na ce ni zan ja. In kashe shi za a yi, ba hannun da zai sauko da shi sai nawa. Mai Ƙasa bai ma lura ba. Dogon mutum ne mai jar fuska da ciwon babban yatsan ƙafa, mai fara'a, ba shi da mugunta, sai dai tun da aka haife shi ba wanda ya taɓa ƙarasa magana a gabansa.

A wurinmu babban mutum ba ya ɗura bindigarsa, ba ya ɗaukar ta. Mai kula ne yake ɗurawa, ya saɓa, ya yi gaba da rarrafe, sai an zo inda za a harba ya miƙa ta baya. Mai ƙuru kuma can ƙasa yake jira. Ni na ɗaure ƙurun a jikin itace na bi su a ɓoye.

Ba mu sha wahalar nema ba. Shashashan yana kan dutsen nan na bakin gangaren ruwa, ya miƙe wuya. Tun bara yake zuwa wurin ko za a dace.

Suka kwanta a bayan wani tudun ciyawa. Ina jin numfashin Mai Ƙasa daga inda nake.

"Kai, kai, kai," ya ce, da irin raɗar da ake ji a ƙetaren rafi. "Har dutsen ma! Tormod, shi ne?"

Na rufe baki da hannu biyu. Na roƙi Allah ya ba mijina ƙarya guda ɗaya tak, in ya so ni a rubuta mini zunubin.

"Shi ne, ranka ya daɗe."

Ya miƙa bindigar. Mai Ƙasa ya karɓa, ya kafa ta a kafaɗa, ya ja kunamar baya. Na ji ƙarar a cikin haƙorana. Na rufe ido ina jira.

Shiru.

"Ba ni madubi," in ji Mai Ƙasa.

Na buɗe ido ɗaya. Ya ajiye bindiga, ya zaro madubin hangen nesa, leɓensa yana motsi. Ya ƙirga, ya goge gilashin da hannun riga, ya sake ƙirgawa.

"Sha ɗaya," ya ce. Ya juyo ya dubi mijina. "Tormod, Tormod. Kai ma? Dattijon coci guda?"

"Ranka ya daɗe, shi ne. Dubi kunnensa."

"Kunne! Rabin bareyin ƙasar nan kunnensu a yage yake. Wannan ɗansa ne, ko ƙanensa, ga kamannin nan. Na san halinku ku masu kula, ku nuna wa mutum na farko da kuka gani don ku koma gida ku sha shayi."

"Ranka ya daɗe, mai zanen ne ya—"

"Mai zanen ya gani da idonsa! An rataye zanen nan a babban zaure a Landan, dubban mutane sun ƙirga. Shi ido gare shi, kai ciwon gwiwa gare ka." Ya yi dariya ya daki kafaɗar Tormod. "Ban ji haushi ba, tsufa ne. Amma da na biye maka na harba, da ƙarar ta kori babban zuwa ƙasar wani."

Daidai nan iska ta juya, Buntata ya jiyo warina. Ya diro daga dutsen, ya taho ƙwas-ƙwas ta gabansu, ya wuce bakin bindiga da taku uku, ya zo ya cusa hanci a aljihuna.

"Dube shi," in ji Mai Ƙasa. "Ko tsoron mutum ba ya yi, maroƙin banza. Wannan ne za ka ce mini sarkin daji? Kore shi, baiwar Allah, kar ya ɓata mana sawu." Ya tashi yana karkaɗe gwiwa. "Ka ji ni da kyau, Tormod. Daga yau ba wanda zai harba bindiga a kwarin nan, ni ko baƙona, sai na sa mai sha shidan nan a ƙusata."

"To, ranka ya daɗe."

Suka yi ta hawa suna nema har la'asar. Da ciwon yatsan ya motsa, Mai Ƙasa ne ya sauko a kan ƙurun, ni ina ja, yana ba ni labarin yadda babban yake da wayo.

Dokar nan shekara goma sha biyu ta yi. Kowace Satumba ya zo da sabon madubi da sabbin baƙi, kowace Oktoba ya koma yana cewa baɗi. Sau biyu ma ya rantse ya hango shi cikin hazo. Bareyin kwarinmu suka yi ƙiba har maƙwabta suna gori, Buntata kuma tsufa ne ya kashe shi, a bayan gidana, kansa a cinyata.

Amma a ranar ban san da wannan ba. Abin da na sani shi ne mijina ya ce "shi ne", ya kuma miƙa bindiga da hannunsa. Na shigo gida na same shi a tebur yana goge ta, na tsaya a kansa.

"Da bai ƙirga ba fa?"

Ya ci gaba da gogewa.

"Da kai nake, Tormod! Da mutumin nan bai tsaya ƙirga ba, da yanzu kan ɗana yana cikin gishiri ana shirin rataye shi. Ka ceci ranka, ka ji daɗi. Ka je coci ranar Lahadi su yi maka tafi."

Ya ajiye tsumman. Ya sa yatsu biyu a aljihun 'yar cikinsa, ya fito da wani abu ya ajiye a tebur. Harsasan dalma biyu ne, ɗaya na kowane baki, don bindigar mai baki biyu ce. Suka gangara suka tsaya a jikin kwanon gishiri.

"Albarushi kawai na ɗura," ya ce.

Na dube su, na dube shi. "Da ya harba, ai daga ƙarar zai gane."

"Zai gane."

"Da sun karɓe aikin. Da sun fitar da mu daga gidan nan, da tsufanmu."

"Da sun fitar."

"Kuma ka bar ni kwana uku ina zaginka?"

"Da na faɗa miki, da fuskarki ta faɗa wa Peigi." Ya ɗauki tsumman. "Ya tambaye ni ko shi ne. Bai tambaye ni abin da ke cikin bindigar ba."

Na zauna. Shekara ashirin da shida ina zaune da mutumin nan, na ɗauka na gama saninsa kaf, ashe da saura. Ban taɓa son sa kamar a wannan yammacin ba, kuma na faɗa masa, da bakina, har kunnuwansa suka yi ja.

"Ba daidai na yi ba, ki sani," ya ce. "Zan yi wa Ubangiji bayani da kaina."

"Ka ce masa ni na sa ka."

"Ya san ki," in ji Tormod. "Zuba mini abinci, tun Litinin rabona da ci."